Zane a Zauren Kiɗa: Yadda Baje Kolin Mutum Bakwai Ya Gudana a Birnin Kebbi

Mu bakwai ne muka haɗu muka baje aikin hannunmu na kwana uku a wani zauren biki da ke Birnin Kebbi, cikin tsakiyar hunturu. Ni malamin zane ne a makarantar sakandare, kuma ni aka damƙa wa littafin kuɗi da na sunayen baƙi, saboda haka kusan duk abin da ya faru ya bi ta hannuna. Na ga ya dace in rubuta shi dalla-dalla, domin tun bayan da muka tashi matasa masu zane daga Jega da Argungu da Gusau suke kirana suna tambayar yadda muka yi, kuma amsar ta fi ƙarfin hirar waya.

Ga waɗanda suka shiga. Ni, da zanen fenti na fadamar shinkafa da masu aiki a cikinta. Wani matashi da ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya fi mu duka ƙwarewa a fuskar mutum da yanayin ruwa. Mai ɗaukar hoto daga Yawuri, da hotunan jiragen kwale-kwale da masunta na bakin Kwara. Wata baiwar Allah daga ƙasar Zuru mai ginin tukwane. Wani dattijo daga wajen Jega mai sassaƙar ƙwarya, wanda duk muke kira Baba. Wata Hajiya mai saƙar faifai da ɗinkin hula. Sai kuma wani malami daga Gwandu mai zayyanar allo. Da gangan muka haɗa mai burushi da mai wuƙar sassaƙa a wuri guda, don a ganinmu raba su da ake yi, a kira wannan fasaha a kira wancan sana'ar gargajiya, raba ɗan uwa ne da ɗan uwansa.

Dalilin zaɓen zauren biki

Ba don sha'awa muka nufi wurin kiɗa ba. Mun yi wata biyu muna neman ɗaki mai fili da bango da haske, wanda kuɗinsa ba zai karya mu ba, ba mu dace ba. An ba mu shawarar mu duba Argungu, inda gidan tarihi na Kanta yake, wato tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Wuri ne mai kwarjini, amma gidan kayan kakanni ne, mu kuwa sabon aiki ne a hannunmu, kuma mutanen da muke son su gani mazauna Birnin Kebbi ne waɗanda ba za su hau mota takanas don kallon zane ba. Wasu suka ce mu jira bikin kamun kifi mu kafa rumfa. Bikin Argungu ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, to amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ya san idon jama'a a kan ruwa yake, a kan homa da gora da giwan ruwa. Rumfar mai zane a can wurin fakewa rana ce kawai.

Mai zauren, wani Alhaji da ke da ɗa a ajina, shi ya kawo maganar da kansa. Zaurensa cike yake daga Juma'a zuwa Lahadi da kamu da dina da wasan makaɗa, amma daga Litinin zuwa Alhamis a kulle yake. Ya ce mu ɗauki Litinin zuwa Laraba ba ko sisi, da sharuɗɗa uku: mu sayi man janareta da kanmu, kada mu buga ƙusa ko ɗaya a bangonsa, kuma mu zana masa sabon labulen bayan dandamali kyauta. Ya ƙara da cewa makaɗan da suka saba wasa a wurin za su zo kowace yamma, don a cewarsa zaure ba kiɗa ba wanda zai shiga. Muka amsa a take, ba takarda, ba shaida. Wannan amsawar ta baki ita ce ta dawo ta cije mu a rana ta uku.

Ɗakin da aka gina don kunne

Kayan aro ba ya rufe katara. Daren Lahadi, bayan 'yan biki sun watse, muka shiga muka tarar da abin da ba mu lissafa ba. Tagogin zauren ƙanana ne kuma a sama, an lulluɓe su da labule mai kauri. Fitilun duk masu launi ne, ja da shuɗi da kore, masu juyawa. Da aka kunna su a kan zanena na fadama, korayen shinkafar suka koma toka-toka, fuskokin manoman suka yi baƙi ƙirin. Sai da muka sayo fararen ƙwayayen fitila muka jera su a kan waya, kowane aiki da nasa, muka roƙi yaron da ke kula da wuta ya kashe masu juyawar.

Tunda an hana ƙusa, Baba mai ƙwarya ya ba da dabarar da ta cece mu. Ya sa aka sayo sandunan gora da zana, muka kafa su kamar dangar gida a gefe biyu na zauren, muka rataye ayyuka da igiya. Abin da muka yi don dole ya zama abin da baƙi suka fi yabawa, don launin zana ya karɓi ƙwarya da faifai da hotunan ruwa fiye da yadda farin bango zai karɓe su. Sai dai zana tana zubar da ƙura, ga hunturu, kowace safiya sai mun bi gilasai da tsumma. Bushewar iska kuma ta tsaga ƙwarya biyu daga cikin na Baba, ta lanƙwasa katakon da ɗan Zariya ya yi zane a kai. Fankokin sama ma sun hana hotunan da ba su da firam zama.

Babbar ɓarnar daga lasifika ta zo. Manyan akwatunan sauti huɗu ne a zauren, biyu a gefen dandamali, biyu a baya. Mun jera tukwanen 'yar Zuru a kan tebur kusa da na gaba don a fi ganinsu. Da aka fara gwajin sauti ranar Litinin da la'asar, teburin ya ɗauki rawa, tukwanen suna matsawa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura, har wata babbar randa mai ado ta kai baki ta faɗo. Aikin sati uku ne. Matar ba ta ce uffan ba, ta durƙusa tana tsince ɓaraguzan cikin zanenta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ni na nuna inda za a ajiye teburin. Bayan nan muka sauke sauran tukwanen ƙasa, muka kafa kowace a kan gammo cikin yashi, aka kashe lasifikokin baya gaba ɗaya.

Maganar allo

Tun kafin a buɗe ƙofa Malam na Gwandu ya ja ni gefe. Ya zo da alluna shida na zayyana, irin waɗanda ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, da Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, ado ya zagaye su. Ya dubi dandamali, ya dubi ganguna da aka jingine, ya ce, "Malam, ayar Allah ba ta zama inda a ka kiɗi. Ka yi mini afuwa, ni ban san haka wurin yake ba."

Laifina ne da ban yi masa bayani sosai ba, kuma gaskiya ce ya faɗa. Ɗan Zariya ya so ya yi gardama, yana cewa aikin fasaha ne, ba karatu za a yi da shi ba. Hajiya ce ta tare shi, ta ce ko a ɗakinta ba ta ajiye allo kusa da rediyo. Muka zauna muka nemi mafita. A bakin zauren akwai wani ɗan ofis da ake karɓar kuɗin haya, yana da ƙofarsa daban ta waje. Aka share shi, aka shimfiɗa darduma, allunan suka zauna can daga safe zuwa la'asar, kafin makaɗa su iso Malam ya naɗe su cikin ƙyalle ya kai masaukinsa. A cikin zauren kuwa ya rataye takardu huɗu da ya zana a daren, ado zalla ba harafi ko ɗaya, da tawadar gawayi da ƙaro. A nan ne mutane da yawa suka fara lura cewa zayyana kanta ilimi ce, tana da lissafi da awo, ba cike gurbi ba ce a gefen rubutu.

Na ɗauka maganar zanen mai rai ce za ta fi tayar da ƙura, sai ga shi mutum biyu kacal suka tayar da ita cikin kwana ukun, kuma cikin ladabi. Na ba su amsa da abin da na sani na saɓanin malamai a kai, ban yi ƙoƙarin rinjayar kowa ba. Ɗaya ya zagaya ɓangaren ƙwarya da faifai kawai ya fita, ya kuma sayi hula.

Ranar farko, da abin da sanƙira ya yi

Mun tsara ranar Litinin yadda muka gani ana yi a Legas da Abuja: 'yar takarda a ƙarƙashin kowane aiki da sunan mai shi da farashi, mai aikin ya tsaya a gefe shiru, baƙo ya zagaya. Da safe ɗalibaina suka zo da wasu malamai, sai 'yan uwa. Da yamma zauren ya cika, amma don kiɗa. Mutane suka shigo, suka wuce tsakanin dangogin biyu kamar masu bin lungu, suka ja kujeru suka fuskanci dandamali. Aikinmu yana bayansu da gefensu. Ba wanda ya karanta takarda ko ɗaya. Na tsaya kusa da zanena awa biyu, tambaya ɗaya aka yi mini, ita ma ta ina bayan gida yake.

Makaɗan 'yan kalangu ne da mawaƙinsu da 'yan amshi uku da sanƙira. Wanda bai saba da makaɗan Hausa ba zai ɗauka sanƙira ɗan rakiya ne, alhali shi ne bakin ƙungiya: shi ke sanar da wanda ya shigo, shi ke faɗin asalinsa, shi ke shelar kyautar da aka yi, shi ke fassara abin da ganga ta ce. Wannan yanki namu, daga Kabi har Zamfara, ƙasar makaɗan fada ce, ƙasar su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kuma kunnen mutanenmu ya saba da a gabatar masa da abu kafin ya ba shi daraja. Bayan an tashi sanƙiran, mutum mai furfura, ya same ni ina kwashe kaya. Ya ce, "Malam, kun kawo amarya kun aje ba mai guɗa. Wa zai san an kawo ta? Gobe ku ba ni labarin kowane guda, ku ga aiki."

Washegari da hantsi ya zo, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Ina garinku? Wa ya koya miki? Wannan kwale-kwalen na wane gari ne? Kwana nawa ka yi kana sassaƙa wannan? Bai rubuta komai ba. Da yamma, bayan waƙa ta biyu, ya sa aka sassauta kiɗa, ya sauko daga dandamali da makirufo, ɗan kalangu ɗaya yana biye da shi, ya tsaya gaban babban zanen ɗan Zariya na ranar kamun kifi a Argungu. Ya fara da kirarin Kabi da Kanta da ganuwar Surame, ya gangaro kan Sarkin Ruwa da masunta, sannan ya nuna wani mutum a cikin zanen da ya rungume kifi ya ce jama'a su dubi jijiyar hannunsa. Sai na ga kujeru suna juyawa. Mutane suka tashi suka matso, masu waya suka ɗaga. Haka ya bi dangar har ƙarshe, ya yi wa 'yar Zuru kirarin ƙasarsu da bikin Uhola, ya ɗaga ƙwaryar Baba sama yana karanta zanen jikinta kamar wasiƙa. Baba da bai yi magana da kowa ba ranar farko, a daren nan sai da muryarsa ta dishe don bayani.

A ganina nan ne baje kolin ya fara. Shirun da muka kwaikwayo daga wasu wurare ba na wannan ɗakin ba ne, kuma ba na waɗannan mutanen ba ne. Amma ba zan ɓoye abin da ya dame ni ba. Sanƙira ya fi daɗewa inda akwai kirarin da zai yi. Zanen da ke da sarauta ko gari ko jarumta ya samu rabo mai tsoka. Hotunan ɗan Yawuri na wata tsohuwa tana shanya kifi, waɗanda a wurina su ne aiki mafi kyau a zauren, ya wuce su da jimla biyu. Takardun Malam kuwa bai tsaya kansu ba sam, don girmamawa. Idon jama'a ya bi bakin mutum ɗaya, abin da bakin ya tsallake su ma suka tsallake.

Ciniki

Ranar Laraba da rana Hajiya ta gayyato mata masu kiɗan ƙwarya, aka keɓe awa uku na mata zalla. A wannan zaman aka yi mafi yawan cinikin kwana ukun. Faya-fayai suka ƙare, ƙoren Baba suka ragu saura waɗanda suka tsage, tukwane ƙanana suka tafi, wasu iyaye mata har da ba da sautu don kayan ɗakin 'ya'yansu. Zanen fenti kuwa, nawa da na ɗan Zariya, guda biyu kawai aka saya, ɗaya wani mai otal, ɗaya wata ma'aikaciyar asibiti. Tambayar da aka fi yi mana ita ce a ina za a rataye shi. Mutum ya san inda faifai ke zama a gidansa, bai san inda zanen fadama zai zauna ba. Abin da ya biyo baya shi ne aikin fuska: mutane suka riƙa nuna wa ɗan Zariya hoton mahaifi ko na sarkin garinsu a waya suna tambayar nawa zai zana. Man janareta kuwa ya cinye fiye da rabin abin da muka tara na karo-karo, don tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lamarin yake.

Rigimar faifan liƙi

Saboda sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma an ga yadda aka fara kama mutane a kai, Alhaji ya daina yarda a yi liƙi a goshi a zaurensa. Faifai ake ajiyewa a gaban makaɗa, mai kyauta ya sa a ciki, sanƙira ya yi shela. Da sanƙira ya fara zagaya dangogi, yaronsa ya riƙa bin sa da faifan. A daren Laraba, gaban zanen Argungu, wani ɗan kasuwa Bakabe da kirarin ya taɓa shi ya zaro kuɗi masu kauri ya zuba, wasu suka biyo baya. Faifan ya cika a gaban zanen, mai zanen yana tsaye yana kallo.

Da aka tashi, shugaban makaɗan ya juye kuɗin a jakarsa yadda ya saba, don ya raba wa yaransa. Ɗan Zariya ya ce ba za ta saɓu ba, zanensa aka yi wa kyauta. Shugaban ya ce tun kakanninsa abin da ya faɗa faifai lokacin da ganga ke magana na masu ganga ne, kuma ranar Litinin zanen yana nan rataye ba wanda ya ba shi ko ƙwandala. Kowannensu yana da gaskiya a hannunsa. Ba don zanen ba da sanƙira bai samu abin nunawa ba, ba don sanƙira ba da zanen ya kwana uku ba mai dubansa. Murya ta fara tashi, aka kira Alhaji. Ya saurari kowa, ya roƙi shugaban makaɗan ya cire kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu a zagayen dangogi ya ba masu aikin hannu, albarkacin zaman tare. Shugaban ya bayar, amma ya ce kyauta ce ya yi, ba hakki ya biya ba. Wannan kalmar ce ta ƙona ran ɗan Zariya. Ya ƙi karɓar rabonsa, ya kwance zanensa a daren, ya ɗaure a bayan babur ya tafi.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina. Ban ga laifin makaɗan ba, gidansu muka shiga da al'adarsu a ciki, kuma su ma da wannan faifan suke ciyar da iyali. Ban kuma ga laifin yaron ba, wata huɗu ya yi a kan zanen nan, da kuɗin fentin da ya ranta. Gazawar tamu ce mu masu shiryawa. Mun tattauna ƙusa da man janareta da labule, muka manta da abin da kowa ya san shi ne zuciyar wurin kiɗa. Da tun daren Litinin, lokacin da sanƙira ya kawo shawararsa, mun zauna mun ce faifai biyu za a yi, ko mun yanka kason kowa a gaban Alhaji, da ba a kai ga haka ba. Kason da aka ba mu, mu shida muka yarda a miƙa wa 'yar Zuru a madadin randarta.

Labulen bayan dandamali ni da ɗan Zariya muka fara shi tun kafin baje kolin, ni kaɗai na ƙarasa. Hoton gulbi ne da masunta da gorunansu, da dagi a kusurwa huɗu. Yana nan a zauren har yanzu, kuma kusan duk sati sai na gan shi a Facebook a bayan ango da amarya, mutane suna tambayar wane wuri ne wannan. Sunayenmu biyu suna can ƙasa ta hannun dama, inda kujerar amarya ke rufewa. Alhaji ya ce mu dawo bayan babbar Sallah, shugaban makaɗan ma ya aiko a gaya mana yana nan. Na rubuta sharuɗɗa a shafi guda, har da maganar faifai da nisan tebur daga lasifika da ɗakin alluna, mutum biyar sun sa hannu. Na aika wa ɗan Zariya nasa kwafin ta hannun ƙanensa da ke ajina, yau sati uku ke nan.